Yadda Ake Rubuta Ta'aziyyar da Ta Yi Kama da Mai Ita

Ranar da Gwaggo ta rasu, wata Talata a watan Maris na 2021, ni aka miƙa wa waya aka ce in rubuta sanarwa, tunda ni ne malamin makaranta a gidan. Ina tsaye a soro, ina jiyo kukan mata daga ciki, na rubuta abin da kowa yake rubutawa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa gwaggonmu rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, za a yi jana'iza bayan la'asar. Sai na ƙara wani layi da nake gani cikon bayani ne: "Allah bai ba ta haihuwa ba."

Ba a yi minti goma ba Yaya ta kira ni, tana cikin mota a hanyarta daga Kaduna. Ko sallamata ba ta amsa ba. Cewa ta yi, "To mu su waye?" Ta kashe wayar.

Mu bakwai Gwaggo ta riƙe, wasu tun daga yaye. Ita ta aurar da matan cikinmu, ita ta kai ni makarantar allo da hannunta. Na goge layin, amma an riga an kwashe shi an watsa. Tun daga nan na ɗauki wannan aiki da muhimmanci, kuma zuwa yanzu na rubuta wa mutum shida a dangi da unguwa. Ga yadda nake yi.

Sanarwa daban, tarihi daban

Sanarwa aikin gaggawa ce, tunda mu ba ma kwana da gawa idan ba dole ba. Abu huɗu take buƙata: wane ne ya rasu, ƙarfe nawa za a yi salla, a ina, kuma a wane gida za a zauna karɓar gaisuwa. Ka sa sunan yanka, ka sa laƙabin da aka fi saninsa da shi. Gwaggo ta shekara sama da hamsin a unguwar Gwammaja ta Kano, amma waɗanda suka san sunanta na yanka ba su kai goma ba. Da ban rubuta "Gwaggo mai ƙuli" ba, da rabin unguwa sun wuce sanarwar ba su gane ba.

Kafin ka danna aikawa, ka tambayi babban gida ko an gama sanar da na kusa baki da baki. Uwa, miji ko mata, 'ya'ya, 'yan ɗaki ɗaya: waɗannan ba a waya za su tsinci labarin ba. Na san ɗalibin da ya ga rasuwar mahaifinsa a WhatsApp yana zaune a aji. Idan akwai dangi a ƙauye, har yanzu sanarwar gidan rediyo ta fi Facebook kai musu. Ka kuma ƙara layin da ake faɗa a bakin makara: duk wanda yake bin mamaci bashi, ko mamaci yake bin sa, ya nemi wane. Gwaggo uwar adashi ce, ta rasu zubi yana tsakiya, mutum biyar ba su kwasa ba. Wannan layin ne ya sa matan suka zo da kansu aka warware lissafin tun kafin a yi maganar gado.

Kada ka yi dogon yabo a sanarwa. A ranar hankalinka ba ya jikinka, duk abin da ka ƙara zai iya zama irin nawa. Tarihin zai zo daga baya, bayan sati ko wata.

Kwana ukun nan su ne kasuwarka

Ba za ka sake samun mutanen da suka san mamacinka a tare wuri ɗaya ba kamar a zaman makoki. Abokan ƙuruciya, tsofaffin maƙwabta da suka tashi, abokan ciniki, wasu ma ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Bayan an watse ranar uku, kowa ya tafi da nasa labarin, wasu kuma sai dai ka ji tasu rasuwar.

Ranar farko ka bar ta, ta "ya haƙuri" ce da "Allah ya jiƙan rai". Hira tana buɗewa ne a rana ta biyu, musamman bayan magariba idan baƙi sun ragu, tsofaffi sun miƙe ƙafa a kan tabarma. Ka zauna kusa da su. Kada ka zaro littafi da biro kamar ɗan jarida, za su kame bakinsu. Ka saurara, ka tashi kamar za ka yi alwala, ka laɓe a soro ka rubuta a waya. Idan kana son naɗar murya, ka nemi izini. Idan kai namiji ne, ka sa ƙanwarka ko 'yarka ta yi irin wannan aikin a cikin gida, domin labarin mace kusan duk a ɗakin mata yake, na namiji ma rabinsa yana can.

Tambayar da ba ta da amfani ita ce "yaya halinta yake?" Amsarta ɗaya ce a duk ƙasar Hausa: mutuniyar kirki, mai haƙuri, mai zumunci, ba ta da abokin faɗa. Kowa haka yake ranar da ya mutu. Ni ga irin waɗanda nake yi: A ina kika fara saninta? A kan me ta taɓa yi miki faɗa? Wace magana ce ba ta rabuwa da bakinta? Me take yi idan ta tashi da asuba? Wane abinci ne ba ta ci? Yaushe kika ga ta yi dariya har da hawaye? Tambayar faɗan nan ta fi kowacce kawo labari, domin mutane sukan fara da dariya, su ƙare da kuka.

A daren na biyu wani mutum ya faka adaidaita sahu a ƙofar gida, ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Babu wanda ya gane shi. Kawu ya ce, "Samari, daga ina?" Ya ce, "Baba, ni ne almajirin Gwaggo." Ashe shekara tara ya yi yana yi mata aike, yana kai gyaɗa inji yana dawo da niƙa. Duk abin da ya samo a bara ko dako, ita yake kawo wa. Tana sakawa a wani gwangwanin madara da ta ɗaure da tsumma, idan ya zo karɓa don ya sayi rake ko takalmi sai ta kore shi da muciya. Ranar da ya yi sauka zai koma garinsu ta zazzage masa gwangwanin a kan faifai, ta ƙara nata a kai, da shi ya sayi keken hawa na farko ya fara kai kaya. Ya ce, "Wallahi ko kwabo bai yi ciwon kai ba." A gidan nan na tashi, na sha ganin gwangwanin a ƙarƙashin gado, ban taɓa sanin na wane ne ba.

Irin wannan kake nema. A hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito, an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, ya kuma ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Mu ma mukan ce wance ta samu kyakkyawar shaida. To shaidar da aka kira gaban alƙali ya ce "mutumin kirki ne" ya yi shiru, ai za a tambaye shi: me ka gani?

Maganar shekaru

Za a ce maka ta haura ɗari. Duk tsohuwar da ta rasu a unguwarmu ta haura ɗari. Kada ka yi musu a wurin makoki, kuma kada ka rubuta. Ka nemi wani abu da ya faru wanda kowa ya san shekararsa, ka ɗaura lissafi a jikinsa. Zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Samun 'yancin kai, 1960. Naɗa Sarki Ado Bayero, 1963. Kisan Sardauna, Janairun 1966. Komawar tuƙi hannun dama, 1972. Shigowar naira da kwabo, 1973. Kisan Murtala, 1976. Rikicin Maitatsine, Disambar 1980. Rasuwar Malam Aminu Kano, Afrilun 1983. Canjin kuɗi na zamanin Buhari, 1984. Tsofaffi ba sa riƙe lamba, amma ba sa manta cewa suna da goyon wane aka harbe Sardauna.

Aminiyar Gwaggo ta ce shekarar zuwan Sarauniya aka kai su ɗakin miji su biyu, sati uku tsakani, kuma ba su wuce sha huɗu ko sha biyar ba. Ka ga haihuwa ta faɗa wajen 1941 ko 1942, shekarunta wajen 79 ko 80 ke nan. Idan da lissafin Hijira ake yi a gidanku, ka ƙara shekara ɗaya a kan kowace 33, sai ta tashi 82 ko kusa da haka. Na rubuta "kimanin shekara 80". Kalmar kimanin ba abin kunya ba ce.

Zaman rubutu

Idan ka tara labarai ashirin, zaɓi uku ko huɗu. Sauran ka ajiye su a wani wuri, amma kada ka cusa su duka. Yadda nake zaɓa shi ne in cire sunan mamaci in karanta: idan maganar za ta hau kan kowace tsohuwa a Kano, sai in jefar da ita. Abin da ya rage shi ne nata.

Ka fara da ita tana raye, tana cikin aikinta. Rasuwa da jinya su zo a ƙarshe, a layi biyu. Ga abin da na fara rubutawa a karon farko: "Marigayiya ta kasance uwa abar koyi, mai son zumunci da taimakon al'umma, rashinta babban giɓi ne mai wuyar cikewa." Yaya ta karanta ta ce ai wannan ta'aziyyar kwamishina ce. Ga wanda na maye gurbinsa da shi:

"Kafin a kira assalatu an hura wuta a gidan Gwaggo. Ƙamshin suyar gyaɗa shi ne agogon layinmu. Kwano shida take yi kullum, ta matse mai ta ɗura a kwalabe, ta murza tunkuza da tafin hannu, kowane ƙuli tsayinsa ɗaya kamar an auna. Wanda ya karye ba ta sayar da shi, na yaran layi ne, shi ya sa muke addu'a ya karye. Ba ta iya boko ba, amma ta riƙe adashin mata ashirin da biyu shekara da shekaru da zanen gawayi a bayan ƙyaure, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Tana da faɗa, musamman a kan kwanon da aka ara ba a dawo da shi ba, sai dai faɗanta ba ya kwana. Idan ta gama yi maka tas, da daddare za ka ga an aiko maka da ɗumame."

Ka lura na sa faɗan. Wasu sun ce bai dace ba, tunda an hana zagin matattu, kuma gaskiya ne, hadisin A'isha ne a Buhari. Amma zagi daban, hali daban. Abin da za ka iya faɗa a gabanta tana raye ta yi dariya ta ce "ɗan nema", shi za ka iya rubutawa. Da na cire faɗan, duk wanda ya san ta zai ce wannan wata ce.

Ka sa maganarta da bakinta ko sau ɗaya ne, yadda take faɗa, kada ka gyara mata Hausa. Gwaggo idan yaro ya tsaya surutu a kan abinci cewa take yi, "Ci ka tashi, tukunya ba ta jiran mai labari." Da aka karanta wannan layin a tsakar gida sai da kowa ya ji kamar ta ɗaga labule.

Kada kuma ka ce mamacinka talaka ne, ba shi da tarihin da za a rubuta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mata maƙwabta da mataimakanta waɗanda ba su riƙe sarautar komai ba, tana lissafa ayyukansu na yau da kullum. Ba don ta rubuta ba, da yau ko sunansu babu.

Abin da ba ya shiga

Sunan cuta, sai idan iyali sun yarda. Mutuwar aure, kishi, rigimar gida ko gona, abin da aka bari na dukiya. Sirrin waɗanda aka taimaka: ka iya cewa ta biya wa wata bazawara kuɗin haya shekara biyu, amma kada ka yi kwatancen da za a gane ta, domin ita tana raye, 'ya'yanta suna karatu. Almajirin nan ma sai da na kira shi na tambaye shi kafin in sa labarinsa. Hoton gadon asibiti da na makara ba su da wurin zama, ban san wanda ya koya mana wannan ɗabi'a ba. Hoton mace kuwa ka tambayi mijinta ko 'ya'yanta, akwai gidajen da ba sa so. Kuma kada ka yanke wa kowa hukuncin makoma. Roƙo muke yi: Allah ya sa ta huta, Allah ya kai haske kabarinta, Allah ya sa can ta fi mata nan.

Wurin da aka fi samun ɓacin rai shi ne lissafin waɗanda aka bari. Ka zauna da manya biyu, ɗaya daga kowane ɗaki idan gidan mata da yawa ne, ku ƙirga 'ya'ya da jikoki da suna ɗaya bayan ɗaya. Matan aure a jera su yadda suka shigo. 'Ya'yan riƙo da agola a tambaye su yadda suke so a kira su. Idan za ka ce "daga cikinsu akwai", to ka sani duk wanda ka tsallake zai lura, musamman idan masu muƙami kaɗai ka ambata. Ni yanzu ko in ambaci kowa, ko in ba da adadi kawai. Na Gwaggo na rubuta: ta rasu ta bar 'ya'ya bakwai da ta raina, da jikoki 31.

Kafin ka saki, ka karanta wa babban gida da babbar mace a gidan da baki, a zaune. Kada ka tura musu a waya, za su ce ya yi ba su karanta ba.

Inda za ka ajiye

Facebook ba rumbu ba ne. Shafi yana rufewa, waya tana faɗawa ruwa, a Kano kuma ana ƙwace ta. Ka je shagon buga takardu a fitar maka da kwafi goma, ka raba wa gidaje daban-daban. Biyu a manne su da leda saboda gara da damina, sauran ka bar su haka da fili a gefe, domin gyara zai zo. Muryoyin da ka naɗa ka tura wa mutum biyu, ka kuma aika wa kanka ta imel. Muryar Gwaggo guda ɗaya muke da ita, daƙiƙa arba'in, wata jikarta ce ta naɗa a ɓoye tana faɗan kwano. Idan akwai tsoho a gidanku yanzu, ka ajiye karatun nan ka je ka kunna waya a gefensa.

Bayan takarda

Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a danginmu rabi suna yi rabi suna cewa bidi'a ce, kuma ni ba malamin wannan ba ne. Shawarata ɗaya: manya su yanke magana tun ranar farko, kada a zo ana ɗaga murya a kan tabarmar gaisuwa, kuma kada a ci bashi don a dafa wa baƙi. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci a kai musu.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne na hadisin Abu Huraira a Muslim: aiki yana yankewa sai sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. A nan ma ka zaɓi abin da ya yi kama da mai shi, kuma wanda aljihunku zai iya ɗauka shekara goma. Mun so haƙa rijiyar burtsatse, muka yi lissafi muka ga za a fara ne a bari. Sai muka koma kan abin da ta saba: randar ruwan sanyi a ƙofar gida, da kwanon abinci na almajiran layi duk Juma'a, kowane ɗayanmu bakwai da watansa.

Kabari kuwa, ka riƙe wurinsa tun ranar farko. A maƙabartar Ɗandolo ta Kano idan ka yi wata shida ba ka je ba, sai ka tarar an cika layin. Allon ƙarfe yana tsatsa, wani lokaci a wayi gari babu shi. Ka ƙirga daga wata bishiya ko katanga ka rubuta a bayan takardar tarihin. Ka koma bayan damina da shebur a ƙara ƙasa, ka kuma riƙe wani abu a hannu saboda dattawan da suke haƙa da gadi. Wata takwas bayan rasuwar aka haifa wa ƙanena mace aka mayar da suna. Babu mai iya kiran sunan gatsal, Ummi ake ce mata, idan ta yi rigima kuma a ce Gwaggo ta motsa.

Sai aminan mamaci, su aka fi mantawa. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Duk babbar salla nake kai wa aminiyar Gwaggo nama da goro, idonta ya yi rauni, kullum sai ta ce in karanta mata takardar. A zuwa na uku, da na kai inda na rubuta cewa Gwaggo ta fara ƙuli bayan rasuwar mijinta, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Haka na ji, Inna."

"To ba haka ba ne. Tun ana kashe sule da sisi take yi, a ɓoye, Malam ba ya so. Ta katanga take miƙo min ni nake sayar mata. Gyara."

Na ce ba ni da biro. Ta aiki jikanta ya aro a shagon ƙofar gida, ta sa na rubuta a gefen takardar, na karanta mata sau biyu, sannan ta ce in ci gaba daga inda na tsaya.